Wai sai da sassafe ake PE ne?

Na ga bidiyon nan na wata makaranta da ke fitar da yara fili cikin sanyin hunturu kamar yadda kowa ya gani, tun jiya nake danne zuciyata amma abin ya ƙi dannuwa. Yara 'yan nazare da 'yan aji ɗaya an jera su a fili ƙarfe bakwai da rabi na safe, daga su sai 'yar riga mai gajeren hannu da gajeren wando, hazo ya rufe gari ko katangar makarantar ba a gani sosai, wai ana musu PE, wato darasin motsa jiki. Shi kuwa malamin da ke busa usur, ku sake kallo da kyau, jaket ce a jikinsa ya ja zif har wuya, hular sanyi ta rufe kunne, hannu ɗaya cikin aljihu. Sannu jarumi! Wato kai mai gemu sanyi na iya kama ka, amma ɗan shekara huɗu fatar kada gare shi.

Abin da ya fi ƙona min rai ma suwaitar da aka sa suka cire. Wai ba ta makaranta ba ce, ba ta da bajo, tana ɓata kalar kayan wasanni. Uwa ta tashi tun asuba ta hura wuta ta dafa ruwa, ta yi wa yaro wanka, ta mulke shi da basilin, ta sa masa riga kan riga har da safa, ta kawo muku shi, ku kuma ku tuɓe shi don hoto ya yi kyau a shafinku na Facebook. Akwai wata 'yar mitsitsiya a layin gaba, ta cusa hannuwa a hammata, majina har leɓe, ana cewa a yi tsalle ita ko ɗaga ƙafa ta kasa. Wannan ne motsa jikin?

Maganata ɗaya ce: ku bari hantsi ya fito. Shi ke nan fa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ku ɗauke PE daga farkon safiya ku kai shi ƙarfe sha ɗaya, ku sa lissafi ko Hausa a gurbinsa, yara su zauna a aji da rigunansu na sanyi. Jadawalin darasi ba saukakke ba ne, hedimasta ne ya zana shi da biro, da biro kuma zai gyara shi. Ko kwabo ba za a kashe ba.

Na san masu cewa ai mu ma haka muka taso, da ƙafa ba takalmi muke zuwa makaranta cikin hunturu kuma ga mu da rai. To madalla, Allah ya ƙara nisan kwana. Ku da kuka rayu ku ne kuke magana ai. Ni dai ban manta fason da ke tsaga mana dunduniya har jini da tarin da muke kwana muna yi ba, kuma ban ga abin alfahari a ciki ba da zan ce lallai sai ɗana ya gada.

Sai kuma 'yan boko masu cewa Turawa a cikin ƙanƙara yaransu ke wasa. Gaskiya ne, a Finland yara suna fita waje hutun minti 15 bayan darasin minti 45, har a lokacin sanyi. Amma da me suke fita? Riga kan riga, takalmi mai rufi, safar hannu, hula, kuma suna dawowa ajin da ke da ɗumi, ba ajin da tagarsa ta ɓalle tun bara aka toshe da kwali ba. Sannan su ba su da ƙurarmu. Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, da yawan ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, busasshiya mai laushi da ke shigewa har ƙirji. Ƙurar da ke hana jirgi sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ita ce kuke sa yaro ya yi gudu yana zuƙa da baki buɗe. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet duk shekara tana gargaɗin masu asma da ciwon ƙirji su kiyayi hazo, kuma iska mai sanyi busasshiya tana tayar da asma musamman in ana gudu. Cikin yaran nan wa ya tambayi iyaye ko akwai mai ita? Ƙaramin yaro kuma ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, wannan ko kakata ta sani ba sai likita ya faɗa ba.

Kar kuma wani ya juya min magana, ban ce a soke PE ba. Iyayen da suka cika guruf ɗin WhatsApp da "a daina fitar mana da yara kwata-kwata" ku ma kun zarce. Yaran yanzu daga mota sai aji, daga aji sai islamiyya, daga nan sai waya, ƙarshe filin makarantar nan shi kaɗai ne inda suke guje-guje. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Su fita, su yi langa, su yi 'yar gala-gala, su buga ƙwallo har su yi gumi, wallahi ina so. Amma a bari hantsi ya fito, a bar musu suwaitarsu ko da kalar ruwan goro ce, in hazo ya yi yawa ranar a ture benci a yi a cikin aji. Malamai don Allah, amana ce aka ba ku. Yaron nan ba zai iya ce muku yana jin sanyi ba, tsoron bulala yake.

Ita ma suwaitar makarantar da ake tilasta mana saye, in ka ji kuɗinta sai ka riƙe baki, wanki biyu ta saki ta koma kamar ta yayan yaron. Na leƙa Ƙofar Wambai neman na gwanjo, can ma 'yan kasuwa sun ji sanyi ya sauko sun ɗaga farashi, wanda na taya ko kallona bai yi ba. Duk wanda ya san inda ake samun na yara masu kauri da sauƙi ya taimaka ya faɗa min, 'yan shekara biyar zuwa bakwai nake nema.