Wai takardar ɗaukar malami ma sirrin gwamnati ce

Wai sirri ne. Haka wani ma'aikacin ofishin gwamnati ya faɗa mana ranar Talata, ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba: "Alhaji, wannan sirrin gwamnati ne, ba a ba kowa." Mu uku daga ƙungiyar iyaye da malamai, mun ƙona mai, mun sha rana, abin da muka je nema bai wuce takarda biyu ba: sharuɗɗan da ake ɗaukar malamin firamare a kansu, da jerin malaman da aka turo makarantar unguwarmu. Kun dai san abin da ya kai mu, ajin nan da ya cinye zango guda ba malamin lissafi alhali ana cewa sunansa na cikin takardar albashi.

To sannunku da aiki, masu gadin sirri. Ashe awa nawa malami zai yi a aji ma ya shiga sahun bayanan tsaron ƙasa. Kada abokan gaba su ji matakin albashin mai takardar shaidar malanta ta NCE, ƙasa ta rushe.

Ba sirri ba ne. Tun watan Mayun 2011 Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ce idan ka nemi bayani a rubuce, kwana 7 hukuma ke da shi ta amsa, kuma ba sai ka faɗi dalilinka na nema ba. Ta ce hukuma da kanta ta wallafa sunayen ma'aikatanta da muƙamansu da albashinsu da ranar da aka ɗauke su, ba sai an roƙa ba. Wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 na jiransa. Da can jihohi na fakewa da cewa dokar ta Abuja ce, ba ta shafe su ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. To da me kuma za a fake?

Na ga masu cewa za a tona asirin malamai. Wa ya nemi lambar asusun wani ko takardar asibitinsa? Irin wannan bayanin ai dokar da kanta ta ba shi kariya. Wasu kuma wai iyaye ba za su gane ba. Ku manna a bango tukuna, mu ga ko za a rasa mai karantawa. Jadawalin jarrabawa ai kuna mannawa, sanarwar kuɗin rahoto kuwa har da jan biro.

Wallahi malaman nake ji, ba wasa. Ƙanwata ta shekara tana koyarwa kafin ta riƙe takardar ɗaukarta aiki a hannu, har yau ba ta san ƙa'idar ƙarin girma ba sai abin da ta tsinta a bakin mutane. Wanda bai san sharaɗin aikinsa ba, da me zai kare kansa ranar da aka yi masa canjin wurin aiki don ya yi magana? Ku tuna Kaduna a 2017, da gwamnatin El-Rufai ta sallami malamai sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. Aka yi ta cacar baki, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki, amma tambayar da ta fi damuna ita ce: wa ya ɗauke su tun farko, kuma a kan wace ƙa'ida? Da takardun na fili tun ranar ɗauka, da ɗan siyasa bai cusa yaransa a ɓoye ba. Haka dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 na aiki: malami nawa aka nuna wa takardar da ta ce jiharsa ta fara aiki da ita?

Kuɗin jama'a ne, 'ya'yan jama'a ne, takardar ma ta jama'a ce. Litinin za mu koma da wasiƙa a rubuce, a buga mana hatimin karɓa, mu fara ƙirga kwana 7.

Af, kuma don Allah ma'aikatan ofis ku daina ce wa duk mai babbar riga Alhaji. Ban je ba tukuna. Da kuɗin kujerar bana, ko Kaduna sai na yi lissafi kafin in shiga mota.