Wai ka ma san sunan kansilan mazaɓarku?

Rannan a majalisarmu ta bakin mai shayi ana ta musun 2027, wa zai fito, wa zai janye, wa zai haɗe da wa, kowa ya zama farfesan siyasar Abuja, sai na ce don Allah a cikinku wa ya san sunan kansilan mazaɓar nan? Mun kai mu goma a kan bencin. Mutum biyu ne suka sani, ɗayan ma don maƙwabcin surukinsa ne. Aka yi dariya aka wuce, ni kuwa abin ya tsaya min a rai, don kwatar da muke zaune a gefenta da take ta wari tun damina ai ba daga fadar shugaban ƙasa za a zo a yashe ta ba.

Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya. Kano kaɗai tana da 44 da mazaɓu 484, Katsina 34, Jigawa 27, kuma kowace mazaɓa da kansilanta. In ka buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 za ka ga aikin da aka ɗora musu: kasuwa, tashar mota, maƙabarta, kwashe bola, magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, ga kuma hannu a makarantun firamare da asibitin sha-ka-tafi. Wato duk abin da kake cin karo da shi daga ƙofar gidanku zuwa bakin titi. Kuma ba aikin Allah-ya-ba-ku-mu-samu ba ne, kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya nasu ne, duk wata.

To ina matasa a nan? A rajistar INEC ta 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ne, kusan miliyan 37 'yan shekara 18 zuwa 34. Mu ne masu yawa, mu ne masu manna fosta, mu ne 'yan data a Facebook da TikTok, mu ne masu cika filin rali a ba mu na mai, wasunmu kuma, Allah ya kyauta, su ne 'yan jagaliya. Da Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara ranar 31 ga Mayu 2018 an yi ta murna, shugaban ƙasa ya sauko daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Madalla. Amma tsakani da Allah yaron da bai taɓa zama a mitin ɗin mazaɓa ba, bai san yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba, deliget ɗaya bai san shi ba, ta ina zai bi ya kai Abuja in ba babansa ne zai saya masa tikiti ba?

Na san abin da za a ce min, an ma faɗa min a bencin nan: zaɓen ƙananan hukumomi ai ba zaɓe ba ne, ɗauki-ɗora ne. Ba zan yi musu ba. Gwamna ne ke naɗa hukumar zaɓen jiha, sakamakon kuma kowa ya gani. Bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, sai jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe, a Kano NNPP ta cinye 44 duka, a Kaduna APC ta cinye 23 duka, a Bauchi PDP ta cinye 20 duka, jam'iyyu uku ciwo ɗaya. Ga tsadar fom, a Kano hukumar zaɓe da farko naira miliyan 10 ta yanka wa mai neman ciyaman, kansila miliyan 5, ka gaya min mai digiri da ke jan adaidaita ina zai samo wannan. Shi kansa hukuncin kotun aiwatar da shi sai jan ƙafa ake, gwamnoni ba su shirya sakin asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi da daɗin rai ba.

Masu cewa a ƙwace zaɓen daga jihohi a ba INEC suna da hujja. A Abuja inda INEC ke shirya na ƙananan hukumomi shida, a 2022 APC ta ci uku PDP ta ci uku, aƙalla an ga alamar ƙuri'a ta yi aiki. Ina goyon baya, sai dai wannan gyaran tsarin mulki ne, sai majalisun jihohi 24 sun yarda, kuma mun san a aljihun wa majalisun suke.

Shi ya sa nake ganin mun kuskure ƙofa. In ranar zaɓe an riga an gama magana, to a ina aka yi maganar? A ofishin jam'iyya na mazaɓa, ɗan shagon nan mai tuta da muke wucewa muna raina shi. Can ake kafa shugabanni, can ake fitar da deliget, can ake rubuta sunaye ukun da za a kai sama a zaɓi ɗaya. Je ka leƙa ka gani, dattawa ne da 'yan amshin shata, sai kujera ɗaya ta shugaban matasa wanda sau tari ya ba hamsin baya kuma aikinsa tara yara ranar taro. Matasa ɗari biyu masu katin jam'iyya da ke zuwa mitin ba fashi sun fi ƙarfin a rubuta suna a bayan idonsu, ko ubangida zai yi ɗauki-ɗora sai ya lissafa da su, don yana bukatarsu a babban zaɓe.

Wanda kuma ba ya son jam'iyya, akwai kwamitin raya mazaɓa mai sa ido a kan asibitin unguwa, akwai kwamitin kula da makaranta, kujerun nan da yawa ba mai nema don ba alawus. Kason kowace ƙaramar hukuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana sakawa a intanet, datar da kake ƙonawa kana zagin ɗan wata jam'iyya ta isa ka sauke shi ka tura a guruf ɗin unguwa.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 Malam Aminu Kano shekararsa 30, Gambo Sawaba ko ashirin ba ta kai ba ta shiga, kuma faɗansu na farko da En'e ne, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, haraji, aikin tilas, kotun alƙali, dogarai, abin da ke taɓa talaka a ƙauyensu. Sun sha bulala sun sha kurkuku. Matan Arewa ma sai a 1976 suka samu damar jefa ƙuri'a, a zaɓen ƙananan hukumomi aka fara, amma yau ka ƙirga kansiloli mata a jiharku, ka ga ko su nawa ne, 'yan matanmu masu ilimi sun tsaya a layin zaɓe kawai.

Mu dai a majalisarmu mun tsayar da magana ranar Litinin za mu je sakatariya da takarda a kan kwatar nan, mu nemi kansilan ido da ido. Mutum uku ne suka ce za su je. Sauran sun ce a turo musu hoto a WhatsApp.