Yaron da aka ba Maikurobayoloji bai faɗi ba

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a suka fito, akwai gidaje a Katsina da jaje ake yi maimakon barka. Yaro ya nemi likitanci a JAMB, maki bai kai ba, sai aka ba shi Maikurobayoloji (ilimin ƙananan halittu irin su ƙwayoyin cuta) ko Bayokemistiri (ilimin sinadaran jiki) ko tsantsar Kimiyyar Halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. Sai ka ji Baba na cewa, "To, ya riƙe wannan ɗin, baɗi ya sake zama." Da wannan sanyin jiki yake shiga aji, da shi kuma yake fitowa bayan shekara 4.

Ni a Ingila nake zaune, aikina kuma a ɗakin gwajin jini ne na wani asibiti. A nan yara da yawa kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ita ce zaɓinsu na farko, ba wanda ya tura su. Hanyar a shimfiɗe take: digiri na shekara 3 wanda IBMS, cibiyar masu wannan sana'a, ta amince da shi, horo a ɗakin gwaji na gaske, sannan rajista da HCPC, hukumar da ke kula da ma'aikatan lafiya. Wanda ya yi digirin da ba a amince da shi ba sai ya koma ya cike wasu darussa. Mu ma muna da irin wannan shinge. Hukumar kula da masu gwaje-gwajen asibiti, wato MLSCN, ce ke ba da lasisin gwajin marasa lafiya a Najeriya, kuma wanda ya yi digirin gwaje-gwajen asibiti na shekara 5 take ba wa, ba mai Maikurobayoloji ba. Bambancin shi ne a nan tun kafin ka biya ko sisi an faɗa maka. A gida kuwa sau tari sai yaro ya gama hidimar ƙasa, ya ɗauki takardunsa ya nufi asibiti, sannan zai ji labari. Wannan ɓoyon ya fi ba ni haushi a kan komai.

Sai batun hannu. Ɗalibin Ingila tun shekarar farko yake riƙe bututun awo da kansa, ya shuka ƙwayar cuta a faranti, ya ɓata, ya sake. Namu kuwa ɗalibai sun yi wa madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya dafifi, kowa ya leƙa ya wuce, in ma akwai wuta ke nan. Sauran a handawut ake haddace shi. Ba na ganin laifin malamai a nan, da yawansu da kuɗin aljihunsu suke sayo sinadarai. A haddar littafi kuwa yaranmu ba su da na biyu, na ga waɗanda suka zo digiri na biyu suka ba 'yan ƙasa ruwa a jarrabawa.

Amma kada a ɗauka komai nasu ya fi. Ɗan ƙasa a Ingila fam 9,535 ya biya a shekarar karatu ta 2025, yawanci bashi, baƙo kuwa ya fi haka nesa. Kuma akwai abin da kuɗinsu ba zai saya musu ba. Ƙasar nan a 2023 masu zazzaɓin cizon sauro kimanin 2,000 aka samu, su ma daga tafiya suka dawo da shi. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar a duniya. Abin da ɗalibin Ingila yake gani a tsohon gilashi da aka adana, ɗalibin Daura zai gan shi sabo fil ranar farko da ya shiga babban asibiti da damina. Haka sikila: ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. A nan kowane jariri ana tsaga masa diddige a kwana na 5 a duba, mu kuwa sai aure ya matso, wani lokacin ma wuri biyu su ba mutum ɗaya sakamako biyu. Ga sanƙarau da ya yi ɓarna a 1996 da 2017, ga mashaƙon da ya taso a 2023. Duk aikin masu wannan karatu ne.

Shi ya sa nake mamakin binciken kammala digiri da yaranmu ke yi. Kowace shekara ganyen zogale ko na bedi ko bagaruwa, a jiƙa, a ɗiga a farantin ƙwayoyin cuta, a auna da'irar inda suka kasa girma, a ɗaure littafi. Wasu ma na yayyensu suke kwafa. Alhali ga madatsun ruwa na Jibiya da Zobe da Ajiwa da Daberam, inda yara ke wanka, kuma kowa ya san tsargiya a ruwan kwance mai dodon koɗi ake ɗaukarta. Gano ta ba ya buƙatar injin miliyoyi. Fitsarin yaro tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a tace ko a juya shi ya kwanta, a duba a madubi, ƙwan tsutsar da ƙayarsa a ƙarshe ba ya ɓuya. Ɗalibi ya yi wa makarantar firamare guda wannan, ya miƙa sakamakon ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma a kawo maganin praziquantel, ya fi da'irar zogale amfani.

Ko gwajin Widal, gwajin jini na taifot wanda aka ƙirƙiro tun 1896, har yau shi muke dogara da shi mu ce wa mutum "maleriya da taifot," alhali a wurin da cutar ta zauna yakan nuna akwai ko babu komai. Shuka jinin a ga ko ƙwayar taifot za ta tsiro ne ke tabbatarwa. Wane ɗalibi ne ya zauna ya gwada biyun a kan marasa lafiya na cikin birnin Katsina, ya faɗa mana mutum nawa muke ɗura wa maganin kashe ƙwayoyin cuta a banza?