A kai horon nan gonakin Gadarif

Na ji daɗin labarin horon da ake ba matasa kan taimakon gaggawa a inda babu asibiti kusa. Amma don Allah kada abin ya tsaya a cikin gari. Mu da ke aikin ridi da dawa a gonakin Gadarif, a gabashin Sudan, mu ne a bakin wuta. Da damina baƙar ƙasar nan takan zama taɓo, mota ba ta shiga, sai tarakta, ita ma sai an dace.

Bara maciji ya sari ƙanena muna yankan ridi. Nan take aka ɗaure ƙafar tamau da igiya, aka tsaga wurin da reza, wani har ya sa baki zai tsotse dafin. Duk cikin ƙauna aka yi, amma da muka isa asibiti washegari likita ya ce ɗaurin da tsagar sun ƙara masa lahani. Ashe abin da ya kamata shi ne a kwantar masa da hankali, a hana ƙafar motsi da sandar itace, a ɗauke shi kada ya taka. Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau yana ɗingishi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 asibitoci da yawa sun rufe, ga kwalara. Ko haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, mutanenmu da yawa ba su iya ba. A koyar da Hausa, a kuma sa mata a ciki, su ne ke zaune da yara a bukkoki.