Tanti mai bango huɗu da zif, wai shi ne "waje"

Don Allah wani ya fahimtar da ni, tantin da aka rufe shi ruf ta ko'ina har da zif a ƙofa, shi ne waje? Daga 12 ga Afrilun 2021 da aka bar gidajen abinci a Ingila su buɗe bayan kullen korona, amma a fili kawai, na yi aiki a cikin wani abu da manajanmu ke kira waje, ni kuwa wallahi ɗaki nake gani. Dokar lokacin fa ba ta da wani lauje cikin naɗi, in ka kafa rumfa mai rufi to aƙalla rabin gefenta ya zama a buɗe. Dalilin ma kowa ya sani, korona a numfashi take yawo, in iska na kaɗawa sai ta watse, in ka toshe wuri sai ta taru a kan mutane.

Ranar farko an yi sanyi na fitar hankali, har dusar ƙanƙara ta sauka a wasu garuruwa, kwastoma suna rawar ɗari suna mita, sai oga ya ce a sauke leda ta gefe ɗaya. Washegari biyu. Kafin sati ya zagayo duk huɗun sun sauka, ya kuma jera hita mai gas a tsakiya, ni dai kullum da ciwon kai nake komawa gida. Da yamma in wurin ya cika sai ka ga numfashin mutane ya zama raɓa a jikin ledar, yana gangarowa yana ɗiga kan tebur, ni ce kuma mai gogewa da tsumma. Amma da an ce jami'in ƙaramar hukuma yana zagaye a layinmu, zo ka ga gudu, cikin minti biyu an naɗe komai sama kamar ba a taɓa saukewa ba.

Sai kuma su kwastoman. A lokacin an ce mutum 6 a tebur ko mutanen gida biyu, sai mutum tara su zo, kowa da kamanninsa, su dube ni ido cikin ido su ce gidansu ɗaya. An ce duk wanda ya kai shekara 16 ya duba lambar QR da manhajar NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, ko ya rubuta sunansa da lambar waya a ajiye kwana 21, wani ya rubuta min sunan ɗan ƙwallo yana dariya. In ka ce malam sa takunkumi kafin ka shiga banɗaki, zagi. Yaushe na zama 'yar sanda? An ɗauke ni kai faranti, sai ga shi ni ce mai gadi, ni ce mai rajista, ni ce mai shan ashar.

Su suna zaune baki buɗe suna shewa, ni awa takwas cikin takunkumi ina sunkuyawa dab da fuskarsu in ji oda, kuma a lokacin layin allurar riga-kafin korona bai zo kan 'yan shekaruna ba tukuna. In na kamu, kuɗin jinyar da doka ta tanada a 2021 fam 96.35 ne a sati, ko hayar ɗakina bai kai ba.

Na san oga ma yana cikin wani hali a lokacin, tun Janairun shekarar wurin ya kasance a kulle, haya ba ta tsaya ba, ban ce kar a buɗe ba, ni ma na gaji da kashi 80 na albashi da ake biyanmu muna zaune a gida lokacin kulle. Amma haba, a sayi barguna mana, a ɗage gefe biyu, a rage tebur uku, wanda sanyi ya dama ya sa rigarsa. Na faɗa masa haka, ya ce in ban so aikin akwai masu jira.

A lokacin kowa na ta murna wai 17 ga Mayun 2021 za a bar mutane su zauna a ciki. Mu ai mun riga kowa shiga.