Nasiha ga Matasa Masu Mota: Ku Sunkuya Ku Dubi Gindin Ƙofa

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa. Abin da na gani ranar Juma'ar da ta wuce a wani wurin wankin mota shi ya hana ni yin shiru. Wani saurayi ne ya kawo Corolla mai tsada, ya tsaya a kan mai wanki har sai da bonet ya yi ƙyalli, aka shafa wa tayoyi mai suka yi baƙi wuluk, aka fesa turare a ciki, amma daga tsakiyar ƙofa zuwa ƙasa jar laka ce ta bushe ta kama jiki, ga ɗigon kwalta birjik. Mai wankin ya ɗauko tsumman da ya gama goge tayoyi da shi, ya dirje wajen sau biyu, ya ce an gama. Da na nuna wa saurayin inda fenti ya fara kumbura a gindin ƙofar baya, sai ya ce da ni, "Yallaɓai, ai ba wanda yake kallon can."

Wannan amsar ita ce ta ɓata mini rai, domin halin da yawa daga cikinmu ke nan. Muna wanke abin da idon jama'a zai gani, muna barin wajen da mota take fara mutuwa. Mutum ne ya saka babbar riga mai sitaci, ya kafa hula, amma ƙafarsa duk kaushi da faso, ya daɗe bai kai mata ruwa ba. Hausawa kuwa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ya kamata ku san irin azabar da wannan waje yake sha. Duk abin da tayar gaba ta taka, nan take watsa shi: yashi, tsakuwa, taɓo, ruwan kwata, da narkakkiyar kwalta a inda ake aikin titi, kamar yadda masu bin hanyar Kano zuwa Kaduna zuwa Abuja suka sani tun da aka fara gyaranta a 2018. Tsakuwa tana ɓantare fenti ta bar ɗan gurbin da bai kai ƙwayar gero ba, daga nan laka ta zo ta rufe shi. Laka kuwa tana riƙe danshi har bayan saman mota ya daɗe da bushewa, kuma ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iska, tsatsa ce take biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsatsar nan tana ci ne ta ƙarƙashin fenti, saboda haka ranar da ka ga fenti ya yi ƙuraje ya kumbura, ka tabbata ta daɗe tana aikinta a ɓoye. Tsakanin watan Yuni da Satumba, musamman a marka ta watan Agusta, motar da take bin hanyar birji ko lungunan unguwa tana iya yin mako guda gindinta bai bushe ba, mai ita kuwa yana can yana goge madubi.

Akwai abin da ya ƙara tsananta lamarin a wajenmu. Yawancin motocin da muke hawa an riga an more su a waje kafin su iso mana, kuma a Kanada da arewacin Amurka da wasu ƙasashen Turai ana zuba gishiri a kan titi lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara. Gishiri yana gaggauta tsatsa ƙwarai. Ma'ana, motar da kake kira sabuwa ranar da ta sauka daga tirela, mai yiwuwa ta zo da ciwonta a gindin ƙofa da ramukan tayoyi, kai kuma ka ɗora mata lakar damina a kai ka bari. Sannan ku sani cewa dogon ƙarfen da ya miƙe a ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya ba don ado aka yi shi ba. A ƙananan motoci yana cikin ƙashin da yake riƙe bodi, a nan ake kafa jak idan za a canza taya, shi ne kuma yake taimakawa wajen tare bugu idan wata mota ta daki taka daga gefe. Na ga motar da aka kafa wa jak ya huda ya shige ciki saboda ƙarfen ya ruɓe. Wanda ya ɗauki iyalinsa a irin wannan motar, ya sani abin da yake wasa da shi ya wuce fenti.

Waɗanda ma suke wanke wajen, sau da yawa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Bokiti ɗaya, tsumma ɗaya, omo mai yawa, a tsakiyar rana. A dirje gindin mota da tsumman da ya kwashi yashi, sannan a ɗaga shi a shafa a jikin ƙofa, yashin ya yi ta zana fenti har ya dushe. Omo kuwa an yi shi ne domin tufafi, yana cire man kariyar da aka shafa wa fenti, ya bar robobin gefe sun yi fari fat. Wani ya ga kwalta ta ƙi fita sai ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, wani wuƙa, wani ya zuba tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya wayi gari fentin ya yi dabbare-dabbare. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai kuma masu fesa baƙin man inji a ƙarƙashin mota da sunan maganin tsatsa, alhali yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana kuma ɗiga a titi ya jawo wa mai babur santsi. A ƙarshe an kashe kuɗi, an ɓata lokaci, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba ga wanda ya damu. A fara jiƙa lakar da ruwa mai yawa har ta saki da kanta kafin hannu ya taɓa, a ware wa gindin mota tsummansa da bokitinsa daban, a bar shi ya zama na ƙarshe a wanki, a yi shi a inuwa da sabulun da aka yi domin mota. Kwalta tana fita da ɗan kananzir a tsumma mai laushi idan an yi haƙuri, muddin an wanke wajen da sabulu nan take. A buɗe ƙofa a duba ƙananan ramukan da suke gindinta, domin ta nan ruwan da ya shiga ta gefen gilashi yake fita, kuma idan laka ta toshe su ruwan yakan kwanta a ciki ya ci ƙofar daga ciki. Inda fenti ya ɓantare a ɗiga masa fenti tun ƙarfe bai yi ja ba, a riƙa shafa folish lokaci zuwa lokaci, a mayar da robar bayan taya idan ta yage. Rigakafi ya fi magani, amma wa zai sunkuya?

Abin takaicin shi ne, saurayin da ya ce ba shi da kuɗin sabulun mota, shi ne zai kashe dubbai wajen baƙanta gilashi, da saka sifika mai girgiza unguwa, da fitilun da suke makantar da mai tahowa da dare. Shi ne zai faɗa kududdufi da gudu ya watsa wa dattijo mai tafiya masallaci ruwan taɓo, ko waiwaye ba zai yi ba balle ya ba da haƙuri. Shi ne kuma ranar ɗaurin aure zai yi ta juya mota a kan titi yana tayar da tsakuwa, tana dukan motarsa, tana dukan ta maƙwabcinsa. Wanda bai ga girman mutanen da suke gefen hanya ba, yaya za a yi ya ga girman dukiyar da take hannunsa? Alhali ya tabbata a hadisi cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah ya ƙi mana, kuma tun da aka cire tallafin mai aka saki darajar naira a 2023, kowa ya san sauya mota ya fi ƙarfin yawancinmu.

Mafi muni shi ne abin da ake yi idan tsatsar ta huda. Maimakon a kai wa mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya sa lafiyayye, sai a cusa fila, wato ƙullin da masu gyaran bodi suke cike gurbi da shi, a ramin, a goge, a fesa fenti, a kai kasuwa a rantse wa ɗan uwa cewa bodin bai taɓa ganin gyara ba. Wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna. Sakaci ne ya haifi yaudara, kuma mai saye ba zai gane ba sai damina ta zagayo fentin ya tsage, sai dai in ya zo da maganaɗisu ya manna a wajen ya ga ya ƙi kamawa.

Ina tuna dattawan direbobin da suka riƙe Fijo 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975. Mutum zai dawo daga doguwar tafiya a gajiye, amma ba zai kwanta ba sai ya sa yaron mota ya watsa ruwa a ramukan tayoyi da gindin ƙofofi, shi kuma ya durƙusa ya shafa da hannunsa ya ji ko akwai inda ya yi kaushi. Yaron da ya haɗa tsumman taya da na bodi, ranar sai ya sha faɗa. Hanyoyinsu sun fi namu ƙura da taɓo, ba su da injin fesa ruwa, ba su da kayan shafe-shafen da suka cika shaguna yau, amma motocinsu sukan yi shekara ashirin ana hawa, har ɗa ya gada. Yanzu mun sami injin, mun sami sabulu iri-iri, mun rasa masu gidan da za su tsaya a kan yaro su koya masa, yaran ma sun daina tsayawa a koya musu, kowa yana sauri ya karɓi kuɗi ya kira motar gaba.