Shukar gida ba ta bukatar fiyawata

Wasu masu shuka tumatir da barkono a bokiti nan cikin birnin Kano suna ɗauka cewa ruwan famfo na kashe shuka saboda sinadarin kulorin, har ka ga mutum yana sayen fiyawata yana zuba wa tsiro. Asarar kuɗi ce. Kulorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo a matatar Tamburawa ko ta Challawa ɗan kaɗan ne, kuma ƙasa na rage ƙarfinsa. In hankalinka bai kwanta ba, tara ruwan a buɗaɗɗen baho ya kwana.

Abin tsoron shi ne gishiri. Wata rijiyar ko burtsatse ruwanta na da zartsi, alamarsa farin ɓawo a bakin tukunya da ganye mai ƙonewa daga gefe. Ruwan wanki mai omo shi ma yana da illa, ga shi kuma shi ne iyayenmu mata suka fi watsa wa zogale. Na kwatar Jakara kuwa, kada ma a fara.

In damina ta zo, tari ruwan indararo, babu kamarsa. Amma a huda gindin bokitin shukar, domin ruwa mai kwanciya shi ke ruɓar da saiwa.